Chandrasekhar: Yaron da ya auna ajalin taurari

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ba ni da ja da wannan magana in dai a kan sha'anin zaman duniya ne, domin an gwada ta tun kaka da kakanni an ga amfaninta. Sai dai akwai fagen da takan yi tuntuɓe, shi ne fagen lissafi, inda alƙaluma ba sa tambayar shekarun mai riƙe da alƙalami. Wannan ne ya sa a yau nake so mu ɗan huta da hayaniyar 'yan siyasa, mu waiwayi tarihin wani masani ɗan ƙasar Indiya mai suna Subrahmanyan Chandrasekhar, wanda tun yana ɗan shekara 19 ya gano cewa taurari ba mutuwa iri ɗaya suke yi ba, sa'annan malamin da duk duniya ta sallama wa a wannan fanni ya miƙe a bainar jama'a ya mai da shi abin dariya. In na ce ilimin taurari kuwa, kada mai karatu ya ɗauka na masu duba da buga ƙasa nake nufi. Ina magana ne a kan kimiyyar da ke auna nauyin tauraro da zafinsa da abin da yake ƙonawa, ta kuma ƙiyasta lokacin ƙarewarsa.

An haifi Chandra, kamar yadda abokan aikinsa suka taƙaita sunan, a ranar 19 ga Oktoba, 1910 a birnin Lahor, wanda a yau yake cikin Pakistan, amma a lokacin yana cikin Indiyar da Turawan Ingila ke mulka. Iyayensa 'yan ƙabilar Tamil ne daga kudancin ƙasar. Aiki ne ya kai mahaifinsa arewa, domin babban jami'in binciken kuɗi ne a hukumar jiragen ƙasa. Gidansu gidan karatu ne. Mahaifiyarsa ba ta yi nisa a makaranta ba, amma sai da ta fassara wani wasan kwaikwayo na marubucin nan Ibsen zuwa harshen Tamil. Ƙanin mahaifinsa kuwa shi ne C. V. Raman, wanda ya ci lambar Nobel a fannin fiziks a 1930. A 1918 iyalin suka koma Madras, birnin da yanzu ake kira Chennai. A gida aka koyar da yaron har ya kai shekara 12, daga nan ya shiga sakandare, sai kuma Kwalejin Presidency daga 1925 zuwa 1930.

A 1928 wani babban malamin fiziks na Jamus, Arnold Sommerfeld, ya ziyarci Madras. Chandra ya riga ya haddace littafin mutumin, don haka ya nemi ganinsa yana ji da kansa. Baƙon ya shaida masa cewa abin da ke cikin littafin ya tsufa, an sami sabuwar kimiyya a Turai da ta sauya fahimtar ƙwayar zarra baki ɗaya, ya kuma miƙa masa wata maƙala tasa da ba a kai ga bugawa ba. Wani ɗalibin da gwiwarsa ta yi sanyi. Shi kuwa ya duƙufa a kan sabon karatun shi kaɗai, kuma kafin shekara ta zagayo wata babbar mujallar kimiyya a Landan ta buga wata maƙala tasa. Gwamnati ta ba shi kuɗin ƙaro karatu a Jami'ar Kambirij, ya shiga jirgin ruwa a Bombay a ƙarshen watan Yuli na 1930.

Kafin mu bi shi cikin jirgin nan, ya kamata mai karatu ya san matsalar da ya tafi da ita a ka.

Sararin samaniya ba fanko ba ne. Akwai gizagizai na iska da ƙura masu faɗin da hankali ba ya iya ɗauka, kuma mafi yawan abin da ke cikinsu iskar haidirojin ce. Kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, wato ƙarfin nan da ke dawo da dutse ƙasa idan an jefa shi sama. Idan wani sashe na gajimaren ya fi sauran kauri, sai ya fara jawo abin da ke kewaye da shi, yana dunƙulewa yana ƙara zafi, har tsakiyarsa ta kai kimanin digiri miliyan 10. A nan ne ƙwayoyin haidirojin ke fara haɗewa su zama hiliyom, haɗewar kuma ta saki zafi da haske. An haifi tauraro ke nan. Taurarin nan da muke kira Kaza da 'ya'yanta haka aka haife su a gajimare guda, shekarunsu kimanin miliyan 100, wato jarirai ne idan aka kwatanta da ranarmu, wadda ita ma tauraruwa ce, mai shekara biliyan 4.6.

Rayuwar tauraro daga farko har ƙarshe kokawa ce tsakanin ƙarti biyu. Nauyinsa yana danna shi ciki, zafin wutar da ke tsakiyarsa yana tunkuɗo shi waje, kuma muddin akwai makamashi babu mai kayar da wani. Rana kaɗai tana cinye kimanin tan miliyan 600 na haidirojin a kowace daƙiƙa, duk da haka abin da ya rage mata zai kai ta wasu shekaru biliyan 5. Abin mamaki, tauraron da ya fi girma shi ya fi gajeren kwana, domin yawan nauyi na buƙatar wuta mai tsanani. Wanda ya ninka rana sau 20 yakan cinye rumbunsa cikin shekaru kimanin miliyan 10 kacal.

To, ina labari idan makamashi ya ƙare? Tauraro irin rana zai kumbura ya yi ja, har ya haɗiye duniyoyin da ke kusa da shi. Ita kanta Zara matar wata, wadda a haƙiƙa duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, tana cikin waɗanda za a haɗiye. Bayan nan sai ya yar da rigunansa na waje, a bar tsakiyarsa tsirara, ƙarama, fara fat saboda zafi. Masana suka raɗa wa irin wannan gawa suna farin wada. Wanda aka fi sani shi ne abokin tafiyar tauraron nan mafi haske a dare, wanda Larabawa ke kira Shi'ira. Tun 1844 Bajamushe Friedrich Bessel ya lura cewa Shi'ira na tangaɗi kamar wani abu ɓoyayye na jan sa, a 1862 kuma aka hango abin da madubin hangen nesa. Da aka auna shi sai aka tarar nauyinsa ya yi daidai da na rana, amma girmansa bai wuce na duniyarmu ba. Cikin cokalin shayi ɗaya na jikinsa ya fi toron giwa nauyi.

Tambayar da ta ɗaure wa masana kai ita ce, tunda wuta ta mutu, mene ne ke riƙe da wannan gawa bai bar nauyi ya murƙushe ta ba? A 1926 Ralph Fowler na Kambirij ya kawo amsa daga sabuwar kimiyyar nan. Ƙananan ƙwayoyin da ake kira elektiron suna da wata ɗabi'a, biyu ba sa yarda su zauna a mazauni ɗaya, kamar fasinjojin da kowa ya ce kujerarsa tasa ce shi kaɗai. Idan aka matse su sai su tunkuɗo, kuma wannan tunkuɗa ba ta buƙatar zafi ko makamashi. Hankalin kowa ya kwanta. Aka ɗauka kowane tauraro, babba ko ƙarami, zai ƙare ne a matsayin farin wada, ya yi ta hucewa a hankali kamar garwashin da aka bari a murhu.

Wannan maƙala ta Fowler tana cikin kayan Chandra a jirgi. A cikin tafiyar kusan mako uku zuwa Italiya ya yi wa kansa wata tambaya mai sauƙin faɗa: da wane irin sauri waɗannan elektiron suke gudu? Da ya lissafa sai ya ga cewa gwargwadon matsi gwargwadon gudu, kuma a cikin farin wada mai nauyi gudun nasu ya kusa kai na haske, wato kilomita 300,000 a daƙiƙa. Einstein kuwa tun 1905 ya nuna cewa babu abin da ke wuce haske gudu. Ma'ana, akwai inda ƙarfin tunkuɗar elektiron ke gaza bin sawun nauyi, alhali shi nauyi ba shi da inda yake tsayawa. Da ya shigar da ƙa'idar Einstein cikin lissafin Fowler, sai wata iyaka ta fito. Farin wada yana ƙara nauyi yana ƙara ƙanƙancewa, idan kuma nauyin ya haura wani adadi, babu sauran abin da zai riƙe shi. Adadin da ya fara samu shi ne 0.91 na nauyin rana. Da aka gyara ƙiyasin abin da ke cikin tauraron, sai ya tsaya a kan kimanin 1.4, kuma shi ne har gobe ake kira iyakar Chandrasekhar.

Adalci ya sa in ambaci cewa ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Wilhelm Anderson a ƙasar Estoniya da Edmund Stoner a Ingila sun riga shi hango cewa akwai iyaka, Lev Landau na Rasha ma ya same ta da kansa a 1932. Abin da ya bambanta Chandra shi ne ya riƙe maganar bai sake ta ba, har sai da ya warware ta daga tushe zuwa reshe.

A Kambirij babu wanda ya yi ɗokin abin da ya zo da shi. Fowler, wanda ya zama mai duba aikinsa, bai ga muhimmancinsa ba, don haka sai a wata mujalla ta Amurka aka buga gajeren sakamakon a 1931. A shekarar ce kuma mahaifiyarsa ta rasu yana can bai samu halartar jana'izarta ba. Ga sanyi, ga kaɗaici, ga shi ba ya cin nama a ƙasar da ba a san darajar abincin ganye ba. Duk da haka ya leƙa Jamus da Denmark wajen manyan malamai, ya kammala digirin digirgir a 1933, Kwalejin Trinity ta ɗauke shi cikin masu bincikenta. A 1934 ya ziyarci Tarayyar Sobiyet, inda Viktor Ambartsumian ya ba shi shawarar ya daina ƙiyasi, ya zauna ya lissafa fararen wadanni iri-iri ɗaya bayan ɗaya, yadda ba za a sami kafar musu ba. Ya dawo ya shafe watanni yana murɗa wata na'urar lissafi ta hannu dare da rana. A cikin waɗannan watanni akwai wani dattijo da ke yawan shigowa ɗakinsa yana duba inda aikin ya kai. Shi ne Arthur Eddington.

Dole in tsaya a kan wannan mutum, domin idan aka mai da shi wawa ko mugu labarin ya lalace. Eddington shi ne ya jagoranci tawagar da ta je tsibirin Principe, can cikin tekun da ke kudu da gaɓar Nijeriya, ta auna husufin rana na 29 ga Mayu, 1919, awon da ya gaskata Einstein ya kuma sa sunansa ya game duniya. Shi ne a 1920 ya fara cewa haɗewar haidirojin ce ke hura wutar taurari, tun kafin a sami hujja. Littafinsa na 1926 a kan abin da ke cikin taurari shi ne Chandra ya yi wayo da shi a Madras. Mutum ne mai ra'ayin kansa, wanda ya ƙi ɗaukar makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda aƙidarsa. A Ingila ta wancan zamani, idan Eddington ya yi magana a kan tauraro, magana ta ƙare.

An sa ranar 11 ga Janairu, 1935 domin Chandra ya gabatar da aikinsa a gaban Ƙungiyar Masana Falaki ta Ingila a Landan. Ana gobe taron ya ga jerin masu jawabi, sai ya tarar Eddington zai yi magana bayansa a kan batu ɗaya da nasa. Sun haɗu a wurin cin abinci a daren, dattijon bai ce masa uffan ba a kan abin da ya shirya. Washegari Chandra ya yi bayaninsa ya zauna. Eddington ya miƙe ya ce iyakar nan babu ita sam, domin a ganinsa haɗa ƙa'idar Einstein da ta elektiron ta wannan hanya kuskure ne, har ma daga baya ya kwatanta haɗin da auren da bai halatta ba. Ya bayyana wa zauren abin da lissafin yaron ke nufi, cewa tauraro mai nauyi zai yi ta ƙanƙancewa har nauyinsa ya kai ga riƙe haskensa ya hana shi fita, sa'annan ya ce wannan shirme ne, kuma tilas akwai wata doka a halitta da za ta hana tauraro irin wannan wauta. Zauren ya fashe da dariya. Ba a ba Chandra damar mayar da martani ba.

Mai karatu ya lura da wani abu a nan. Abin da Eddington ya siffanta yana ba'a shi ne ainihin abin da muke kira baƙin rami a yau. Ya fi kowa a zauren fahimtar inda lissafin ya dosa, ya je har bakin ƙofa ya leƙa, abin da ya gani bai yi masa daɗi ba, sai ya ce babu ɗakin. Da a ranar ya ce abin da ban tsoro amma a bincika, da shi za a riƙa ambata a matsayin wanda ya buɗe wannan babi.

Bai tsaya nan ba. Ya maimaita sukar a babban taron masana falaki na duniya a Faris a cikin shekarar, inda nan ma shugaban zaman ya nemi Chandra da ya yi shiru, ya sake maimaitawa a Amurka a 1936. Chandra ya rubuta wa abokinsa Leon Rosenfeld a Kofenhagen yana neman manyan masana fiziks su raba gardama. Amsa ta zo cewa Niels Bohr ya duba, bai ga ƙamshin gaskiya a hujjar Eddington ba. Wolfgang Pauli, wanda shi ne ma ya gano ɗabi'ar nan ta elektiron, ra'ayinsa ke nan. Amma duk a cikin wasiƙa da hirar bayan fage. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya fito fili ya ce dattijon ya yi kuskure.

A ganina nan ne laifin ya fi nauyi. Kuskuren Eddington kuskure ne irin wanda kowane masani kan yi, ko da yake yadda ya ɓoye niyyarsa ga yaron da ke buɗe masa takardunsa ba halin girma ba ne. Amma su waɗanda suka san gaskiya suka kame bakinsu, wasu don ganin girman mutumin, wasu don ganin rigimar masu taurari ba tasu ba ce, ba su da uzurin rashin sani. Kalma ɗaya daga Bohr a rubuce da ta wadatar. Akwai masu cewa launin fata ne ya jawo wa Chandra wannan wulaƙanci, akwai kuma masu tunatarwa cewa haka Eddington ya saba yi wa takwarorinsa Turawa irin su James Jeans da Edward Milne. Gaskiya ne ya yi musu. Sai dai su manya ne masu kujerunsu, suna iya ramawa, kuma sun rama. Shi kuwa ɗan shekara 24 ne daga ƙasar da ake mulka, yana neman wurin tsayawa a garin masu mulkin. Mari ɗaya ne, amma kumatun ba ɗaya ba ne.

Abin da ya yi bayan haka shi ne ya fi ba ni sha'awa a duk tarihinsa. Ya auna ya ga idan ya tsaya jayayya zai ƙare rayuwarsa a matsayin mutumin nan da ke faɗa da Eddington. Sai ya tattara duk hujjojinsa ya zuba su a littafi guda a kan tsarin jikin taurari, wanda ya fito a 1939, ya rufe babin ya kama wani. Kafin nan ya koma gida a 1936 ya auri wata abokiyar karatunsa ta kwalejin Madras, a farkon 1937 kuma ya kama aiki da Jami'ar Shikago a Amurka, a cibiyarta ta kallon taurari ta Yerkes da ke jihar Wisconsin. Can ma bai tsira ba, domin sai da shugaban jami'ar, Robert Hutchins, ya sa baki kafin a yi watsi da adawar wani shugaban tsangaya ga baƙin mutum ya koyar a harabar jami'ar. Ya zauna a Shikago har ƙarshen rayuwarsa, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a 1953.

Daga nan ya ɗauki wata al'ada da ba a saba gani ba. Yakan zaɓi fanni guda ya tare a cikinsa kimanin shekara goma, ya rubuta littafin da zai zama madogara a fannin, sa'annan ya tattara ya koma wani. Haka ya yi da tafiyar taurari a cikin rukuninsu a 1942, da yadda haske ke ratsa iska a 1950, da motsin ruwa da iska a ƙarƙashin maganaɗisu a 1961. Amma kada mu yi wa abin kwalliya fiye da kima. Wanda ya fi kowa sanin ƙofar mutuwar manyan taurari ya juya mata baya na kusan shekara 30, wannan kuwa asara ce.

Gaskiyar tasa ta hannun wasu ta fito. A 1932 aka gano ƙwayar niyutiron a nan Kambirij ɗin. A 1934 Walter Baade da Fritz Zwicky suka ce wataƙila fashewar manyan taurari, wadda suka kira sufanoba, tana barin dunƙulen niyutiron zalla. A 1939 Robert Oppenheimer da ɗalibansa suka nuna cewa shi ma wannan dunƙule yana da tasa iyakar, bayanta kuma sai rami. Yaƙi ya zo ya ɗauke hankalin kowa. Sai a 1967 wata ɗaliba, Jocelyn Bell, ta tsinkayi wani sauti na rediyo daga sama mai bugawa kamar agogo, aka gane tauraron niyutiron ne ke juyawa. Shekara guda bayan haka aka sami irinsa a daidai wurin da masana ƙasar Sin suka rubuta cewa sun ga baƙon tauraro a 1054, yana juyawa sau 30 a daƙiƙa.

Ga yadda masana suka fahimci abin a yau. Tauraron da aka haifa da nauyin da bai kai ninkin rana takwas ba yakan zubar da mafi yawan jikinsa kafin ya mutu, abin da ya rage ya tsaya ƙasa da iyakar Chandra, ya zama farin wada. Fiye da tara cikin goma na taurari haka za su ƙare, don haka kwanciyar hankalin da Eddington ke nema ta samu ga mafi yawansu. Manyan kuwa, idan haidirojin ya ƙare sai su ƙona hiliyom, su ƙona kabon da oksijin, suna hawa mataki-mataki har su kai ga ƙarfe. Ƙarfe ba ya ba da wuta. Yana taruwa a tsakiya kamar toka, ranar da nauyinsa ya kai iyakar nan, sai tsakiyar ta rufta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, sauran jikin ya tarwatse da hasken da kan yi gogayya da na biliyoyin taurari. Abin da ke saura dunƙule ne da ya fi rana nauyi, amma faɗinsa kimanin kilomita 20, bai kai nisan Kano zuwa Wudil ba. In nauyin ya wuce haka kuma sai baƙin rami. An ga irin wannan fashewa da ido a watan Fabrairu na 1987, Chandra yana raye.

Shi ma farin wada bai tsira ba idan yana da maƙwabci. Yakan yi ta zuƙar iskar maƙwabcin har ya kusanci iyakar, sai ya kama da wuta ya tashi gaba ɗaya. Kaso mai yawa na ƙarfen da ke cikin garma da fartanya, da wanda ke cikin jinin mai karatu, daga irin wannan gobara ya fito. Kuma da yake hasken irin wannan fashewa kusan ɗaya ne a ko'ina, da ita aka auna nisan sararin samaniya a 1998 aka gano cewa faɗaɗarsa ƙara sauri take yi.

Akwai wani abu da ya faru a 1958 wanda ba na so a ba da tarihin mutumin nan a tsallake shi. Daga 1952 zuwa 1971 Chandra ne editan mujallar Astrophysical Journal, kuma a hannunsa ta tashi daga mujallar jami'a ɗaya ta zama ta duniya. Wato yanzu shi ne mai tsaron ƙofa. Sai wani matashi a Shikago, Eugene Parker, ya kawo maƙala yana cewa rana na feso wata iska mai tsananin gudu da ke ratsa duk sararin da ke tsakanin duniyoyi. Manyan masana biyu da aka ba su duba suka ce a yi watsi da ita. Chandra ya ɗauki maƙalar ya bi lissafin da kansa, bai sami kuskure ba, sai ya buga ta duk da hukuncin manyan. A 1962 kumbon Mariner 2 ya auna iskar nan a kan hanyarsa ta zuwa Zara, ya tarar da ita kamar yadda Parker ya faɗa. Ban san wata ramuwa da ta fi wannan kyau ba.

Ba wai mutum ne mai sauƙin zama ba. Kullum cikin kwat mai duhu yake, ba ya wasa da lokaci, ba ya haƙuri da aikin ganin dama, ɗalibai da yawa tsoronsa suke ji. Amma kusan 50 ne suka yi digirin digirgir a hannunsa, kuma akwai lokacin da yake tuƙa mota kilomita 130 daga Yerkes zuwa Shikago kowane mako domin wani ƙaramin aji. Biyu daga cikin 'yan ajin, Lee da Yang, 'yan asalin ƙasar Sin, sun ci lambar Nobel a 1957, shekara 26 kafin malaminsu.

Tsakaninsa da Eddington kuwa, zumunci bai yanke ba, sun ci gaba da musayar wasiƙu. Ganinsu na ƙarshe a Faris ne a 1939, inda dattijon ya ba shi haƙuri idan ya ɓata masa rai. Chandra ya tambaye shi ko ya sauya ra'ayi, ya ce a'a, sai ya nuna masa cewa in haka ne haƙurin ba shi da wurin zama. Eddington ya rasu a 1944 bai janye ba. A 1982, da ake bikin cika shekara 100 da haihuwarsa, Chandra ne aka gayyata Kambirij ya yi lacca, kuma ya bayyana shi a matsayin masanin taurarin da ya fi kowa a zamaninsa, ba tare da ya ɓoye inda ya kauce ba.

A ƙarshe ya koma ga ƙofar da ya bari. Ya shafe shekaru a kan lissafin baƙin rami, littafin ya fito a 1983, kuma a cikin shekarar, ranar da ya cika shekara 73, aka sanar da ba shi lambar Nobel tare da William Fowler na Amurka, wanda ba shi da alaƙa da Fowler na Kambirij. Shekara 53 ke nan da tafiyar jirgin ruwan nan. Waɗanda suka san shi sun ruwaito cewa bai ji daɗin yadda aka fi mai da hankali ga aikin ƙuruciyarsa ba, kamar dai abin da ya yi a rabin ƙarni bayan haka bai shiga lissafi ba. Aikinsa na ƙarshe shi ne bin babban littafin Isaac Newton na 1687 dalla-dalla, yana warware kowace mas'ala da hanyar zamani sa'annan ya kwatanta da yadda Newton ya yi. Littafin ya fito a 1995, a ranar 21 ga Agusta na shekarar kuma ciwon zuciya ya ɗauke shi a Shikago yana da shekara 84.

A watan Yuli na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba wani babban madubin hangen nesa mai ganin hasken nan da likitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, ta sa masa suna Chandra. Hoton farko da aka fitar daga gare shi na ɓaraguzan wani tauraro ne da hasken fashewarsa ya iso duniya kimanin shekara 340 da suka wuce. A tsakiyar ɓaraguzan sai ga wani ɗan ɗigo mai haske da babu wanda ya taɓa gani, wato tsakiyar tauraron da ta rufta bayan ta haura iyaka.